Shekarar da Aka Kama Darakta

Ku yaran da kuka sauka Yamai bana, masu zama bakin rumfar teloli a Wadata kuna cewa sana'ar icce ba sana'a ba ce, wai jaki ke yin aikin, mutum rakiya kawai yake yi masa, ku matso kusa. Ni na shiga aikin nan tun ban kai tsawon ƙotar gatari ba. A lissafin innata shekaruna goma sha bakwai, a lissafin ƙafafuna na haura saba'in. Ran nan na taka ƙusa a kasuwa, ƙusar ce ta lanƙwashe.

Sunana Sallau, Bagobiri ne ni daga wajen Maradi, ga zane nan a kumatu in akwai mai gardama. Da gero ya fara ƙin yi a wurinmu, inna ta ɗora ni kan kamiyo, babbar motar da ta ɗauko fatun awaki, ta ce a sauke ni wurin Baba Nomau, wan mahaifina, mai sayar da icce a Wadata. Na iso ina wari har karnuka suna yi mini rakiya. Baba ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce, “Wannan ne taimakon da aka aiko mini? To, Allah ya amfana.” Ya miƙo mini igiya.

Kayan farko da na ɗaura da hannuna bai ƙetare gadar Gaweye ba. Mun taso daga daji, na ɗora wa jaki dami biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, na ja igiya har idona ya yi ja, na yi ƙulli irin wanda ko wuƙa sai ta yi shawara kafin ta taɓa. Baba yana kallo. Muna tsakiyar gada kayan ya fara zamewa hagu a hankali, kamar mai gyangyaɗi a wurin wa'azi, sai ga shi a ƙarƙashin cikin jaki. Jaki ya tsaya. Raƙuman da ke bayanmu suka tsaya, taksi suka tsaya, kamiyon sojoji ya tsaya, ina jin har kogin ma ya ɗan dakata ya ga yadda za a ƙare. Wani soja ya leƙo ya tambaye ni ko gadar ta ubana ce. Na ce a'a, ranka ya daɗe. Da kai na kwashe iccen nan zuwa ƙarshen gada, Baba yana zaune kan dakali yana cin goro.

A nan ya koya mini. Ba ƙarfin igiya ke riƙe kaya ba, daidaito ne. Ka ɗaga kowane dami da hannu ka ji nauyinsa, kada ka yarda da ido, don geza girma gare ta babu nauyi, ɗan guntun marke kuwa sai ya rinjaye ta. Akumari ya zauna daidai bayan kafaɗa, in ya goge ƙashin baya ka yi wa jaki gyambo, ƙudaje su yi biki. Ƙulli kuma wanda ja ɗaya ke kwancewa, don akwai ranar da za ka so kaya ya sauka da sauri fiye da yadda ya hau.

Kayan aikin ba su da yawa. Gatari mai ƙotar aduwa, igiyar kaba, goran ruwa, sai ƙugiya, wato doguwar sanda mai lanƙwasasshen ƙarfe a kai da ake janyo busassun rassa daga sama. Duk wanda ya ja ƙugiya yana tsaye daidai ƙarƙashin reshe, sau ɗaya yake yi. Tabon nan na goshina shi ne takardar gama lakwal ɗina, wato makaranta. Amma manyan kayan aiki kunne ne da farce. Ka ƙwanƙwasa icce da bayan gatari. Matacce yana amsawa ƙwal, kamar an buga ƙwarya. Mai rai sai ya ce dim, kamar ka bugi cikin attajiri. In kana shakka ka karce ɓawon da farce. In ka ga kore a ƙasa, ka yi masa sallama ka wuce.

Masu saye kuwa kowa da ciwon kansa. Hajiya mai ƙosai ta bakin tasha geza take so, mai kamawa da wuri, don mai jiran ƙosai ba shi da haƙuri. Mai tsire marke yake nema, wanda garwashinsa ke daɗewa bai mutu ba. Ɗaliban Damagaram da ke haya bayan masallaci sanda uku suke saye, amma cinikin sai ka ce gida ne, ɗaya yana dubawa, ɗaya yana sunsunawa, na uku yana yi mini bayanin tattalin arziki. Akwai wata madam a Koira Kano, unguwar manya, da ta ce in kawo mata icce wanda ba ya hayaƙi, ba ya baƙanta tukunya, ba ya barin toka. Na ce, “Madam, akwai shi, amma ba a daji yake tsirowa ba, ta waya yake zuwa, kuran sunansa, wutar lantarki.” Ba ta yi dariya ba. Mai gadinta ya yi, a bayan ƙofa.

Jakunan Baba uku ne da farko, fari ya bar mana ɗaya. Ja ne, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Teloli ne suka sa masa suna Darakta, don ba ya fara aiki sai rana ta ɗaga, ba ya karɓar magana daga na ƙasa da shi, kuma in ka zo masa da buƙatar gaggawa sai ya juya maka baya. Duk da haka ya san hanya. Sau da yawa na yi barci a tafe ina riƙe da wutsiyarsa, na farka a ƙofar gida.

Dokar daji gajera ce, ko Darakta ya haddace ta. Icce mai rai na gwamnati ne, ko da a gonar ubanka ya tsiro. Matacce na wanda ya tsinta ne, in yana da permi, wato takardar izni. Mu masu jakuna muna da namu ƙarami. Masu kamiyo suna da nasu babba, mai hatimi, da suke karɓowa a gari, kuma su ba sa jiran icce ya mutu da kansa. Sai su shiga dajin marke su zagaye gindin kowane da gatari, su ɓare ɓawon kamar an sa masa zobe, su tafi abinsu. Baɗi su dawo su tarar Allah ya yi masa rasuwa, su yi ta'aziyya, su loda.

Shekarar da kogi ya tsaya, har yara suna buga ƙwallo a ƙarƙashin gada, kowa ya zama mai icce. Makiyayin da shanunsa suka ƙare, manomin da ya cinye irinsa, duk wanda ya samu aron gatari. Daji ya yi ta ja da baya muna bin sa. Inda muke zuwa mu dawo kafin azahar ya koma sai an kwana a hanya. Ga shi fari yana ruɗa icce: ya zubar da ganye, ya bushe daga waje, ya yi kamar ya tafi, alhali akwai sauran numfashi can ciki.

Masaukinmu wani ƙauyen Zabarmawa ne kan hanyar Say, gidan wata tsohuwa, Kaka Gambi. Bagobiri da Bazabarme taubasai ne, saboda haka tun ranar da ta ga zanen fuskata ta ce ta tsinci bawan gidansu da ya ɓata. Tana ba ni ruwa da zagi, ni ina faskara mata icce ina ramawa. A gonarta, bayan gari, akwai wani babban gawo. Mijinta ne ya kewaye shi da ƙaya tun yana ɗan tsiro don kada awaki su cinye. Kun san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar lokacin da kowa ya bushe. Shekarar da ta gabata Kaka ta sa an saro wa awakinta rassa daga jikinsa, gardin daji ya karɓe mata gatari, ya ci ta tarar da sai da ta sayar da rabin awakin. Shi ya sa mutanen ƙauyen in sun ga ɗan gawo ya tsiro a gona suke bi ta kansa da hauya tun bai kai gwiwa ba, kafin ya girma ya jawo musu gwamnati cikin gona.

Gardin nan kowa Shef yake ce masa. Mutumin Tawa ne, dogo, siriri, da gashin baki da ya fi shi ƙiba. Buronsa, wato ofishinsa, bukkar zana ce a bakin hanya. Bariyarsa ganga biyu ce da dogon icce a gicciye, wanda ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar ko da ransa aka saro shi ba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara, ni kaɗai na fita, don ƙafar Baba ta kumbura. Na samu wani marke da masu kamiyo suka sa wa zobe bara. Babu ganye ko ɗaya. Na ƙwanƙwasa, ya ce ƙwal. Na karce nan na karce can, busasshe ƙamas. Na yi kaya mai kyau, irin wanda mai tsire zai miƙe tsaye ya gaishe ni, na kamo hanya har bariya.

Shef ya ce, “Sauke.”

Ja ɗaya, kaya ya zube. Ya tsuguna da ƴar wuƙarsa yana bi yana karcewa, sanda bayan sanda, kamar mai neman ƙwarƙwata. Can ƙasan dami ya ciro wani reshe. Ƙarƙashin ɓawonsa ga kore, siriri kamar zare.

“Wannan fa?”

“Ya mutu, Shef. Da ni aka yi jana'iza.”

“Bai mutu ba. Suma ya yi.”

“To wanda ya sumar da shi fa?”

Kamar an kira shi, sai ga kamiyo ya taso daga dajin da na fito, an lafta masa marke har yana goge sama. Abin da ke kansa, ni da Darakta sai mu shekara muna jido ba mu kai ba. Direba ya kaɗa takardarsa ta taga. Shef ya ɗaga iccen bariya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da igiyar jakina.

Na ce, “Shef, ba ka karce nasa ba.”

Ya ce, “In na sauke kamiyo, wa zai mayar? Kai ja ɗaya ka yi.”

Ya faɗi tara, kuɗin da ko an haɗa ni da Baba da rumfarmu an sayar ba za su kai ba. Ya ce jaki yana tsare har a biya. In ba a biya ba mota za ta zo ta kai shi furiyar, gidan da ake ajiye dabbobin da aka kama, a yi gwanjonsa. Nan take ya rubuta wa manyansa cewa ya kama jaki ɗaya, ya ba direban kamiyo na gaba ya kai Yamai. Ya ɗaure Darakta a jikin bukka.

Washegari da hantsi na shigo Wadata da ƙafa, ƙasa har cikin kunne, ina faɗin, “An kama Darakta, an kama Darakta.” Kekunan ɗinki suka tsaya cak. A mulkin soja kama darakta ba abin mamaki ba ne, amma ba a faɗinsa da ƙarfi. Wani baƙo da ya kawo ɗinki ya rage murya ya ce, “Na wane buro?” Na kusa da shi ya ce, “Ai dama na faɗa, gidan nan da yake ginawa a Koira Kano ba da albashi ba ne.”

Baba bai yi dariya ba. Ya saurare ni har na gama yana matsa ƙafarsa.

“Me suke ba shi?”

“Wa, Baba?”

“Jakin. Me zai ci a can?”

“Babu kome a wurin. Ko tsinke.”

“To koma. Ka ba shi ruwa safe da yamma. Ban da ruwa kada ka ba shi kome. Wanda ya kama shi ke ciyarwa.”

“In ya mutu fa?”

Ya daɗe yana kallon turken da babu kowa a jikinsa, sannan ya ce, “In ya mutu, sai mu ɗauki ƙwarya mu shiga layin jar dawar agaji da sauran jama'a.”

Na koma na sauka gidan Kaka. Kafin in iso Darakta ya riga ya fara bin haƙƙinsa. Ya ci zanar bukka ta gefen gabas, ya zagaya kudu. Ya ci kwalin da Shef ke zama a kai. Ya ɗanɗana hular Shef ya mayar, ya ga ba ta da gishiri. Shef ya aika a nemo ciyawa, aka ce masa ciyawa a bana sai a Yamai, kuma tsadarta ta kamo ta nama. Ya aika a tambayi mota, aka ce motar tana rabon hatsi, kuma ba ta da mai. Sakin jaki ba zai yiwu ba, tunda sunansa ya riga ya tafi sama. In kuma ya mutu a hannunsa, babu wanda zai yarda mutuwa ya yi, cewa za a yi ya sayar da kayan gwamnati ya ci, kuma kowa ya san inda masu wannan laifi suke kwana.

Kwanaki suka wuce, zana ta ƙare daidai inda wuyan Darakta ke kaiwa. Haƙarƙarinsa suka fito har ana iya koya wa yara ƙirga da su. Kunnen da ke tsaye shi ma ya kwanta. Ina kai masa ruwa, ya sha, ya sunsuna aljihuna. Rabin tuwon da Kaka ke ba ni yakan faɗi daga hannuna daidai gabansa, amma wannan santsin hannu ne, ba saɓa wa Baba ba ne. Wata safiya na tarar ya kwanta, na ja igiya, na ɗaga wutsiya, ya ƙi tashi.

Shef ya kira ni. “Kai, Bagobiri. Ka iya hawa icce?”

“Wane iri, Shef? Mai rai ko matacce?”

“Bar surutu. Ka ga gawon can? Ka hau ka sauko masa da ganye. Ni na sa ka.”

Har na ɗaga ƙafa. Sai na ji an riƙe mini riga ta baya. Kaka ce, ta dawo daga rijiya.

“Ina za ka, bawana?”

“Kaka, ya kasa tashi.”

“Na gani. Yau ya ce ni na sa ka, gobe in manyansa sun zo sun ga sara, bakin wa za su ji? Jiya jaki, gobe kai. Zo ka ɗaukar mini tulu.”

Shef ya bi samarin gari ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin ƙauye mai bin doka irin na ranar nan ba. Wannan ya ce ai haramun ne, wancan ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa kallon gawo da mugun nufi ba. Ni kuwa na zauna kusa da Darakta ina kore masa ƙudaje daga ido.

Da rana ta take, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, Shef ya fito daga abin da ya rage na bukkarsa. Ya duba gabas ya duba yamma. Gatarin Kaka, wanda ya karɓe bara, yana rataye a kafaɗarsa. Ya je gindin gawo, ya cire takalman soja, ya tofa yawu a hannu, ya rungumi icce. Hawa dai ya hau, don ɗan karkara ne kafin ya sa kaki. Abin da ya manta shi ne gawo ba ya sakin baƙo. Ƙaya ta kama wando, ya juya zai cire, ta kama riga, ya sake juyawa, ta kama wandon ta wani gefe. Kafin ya sari reshe ɗaya ya zama shanya.

Na ruga in faɗa wa Kaka, na tarar da ita a hanya da tabarma a hammata. Mai gari yana biye da ita, bayansa duk ƙauyen, har da wani makaho da ya ce shi ma yana so ya gani. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta zauna, ta gyara zane, sannan ta ɗaga kai.

“Fofo, Shef. Sannu da aiki.”

“Yawwa, Inna.”

“Ana shan iska?”

Shef ya ci gaba da jan wandonsa daga ƙaya. Ta juya wurin mai gari ta ce, “Idona ya yi rauni. Kamar wani nake gani kan iccen gwamnati da gatari. A kira Shef ya zo ya kama shi.”

Mai gari ya kama tari mai tsawo cikin rawaninsa. Can kan hanya wani kamiyo ya tsaya a bariya yana jiran a ɗaga masa, direba ya fito ya kare ido da hannu yana hango mu. Labarin da direba ya gani da azahar, kafin magariba yana Yamai.

Shef ya ce, “Inna, jakin zai mutu.”

“Na sani. Awakina ma na san yadda suka tafi. Tambaya ɗaya gare ni, ka amsa ka sauko. Gawon nan na wa ne? In na gwamnati ne, ga ɓarawo a sama, ga shaidu a ƙasa. In nawa ne, baƙo ne ya hau bai yi sallama ba, wannan kuwa tsakaninmu ne.”

Shef ya dubi hanya, ya dubi inda jaki ke kwance, ya dubi wandonsa.

“Naki ne, Inna.”

“Kunnena ya tsufa.”

“Naki ne.”

“Mai gari ba ya jin Hausa.”

Mai garin nan ya fi ni Hausa. Amma Shef ya maimaita da Zabarmanci, irin Zabarmancin da ya sa yara suka zube ƙasa suna riƙe ciki.

Kaka ta ce, “To, baƙo ya roƙa, a ba shi. Bawana, hau ka kwance Shef kafin ya fara ƴaƴa.”

Na hau na cire shi ƙaya bayan ƙaya, ya sauko da baya, ya bar mini gatari a sama. Na yi sara yadda ake yi wa iccen da ake son a sake dawowa wurinsa: ƙananan rassa na gefe, a bar kan, sara a karkace bugu ɗaya don kada ɓawo ya yage. Kaka tana ƙasa tana nuna mini da sanda tana zagin kakannina. Ganye ya zubo, sauran awakinta da na maƙwabta suka yi caa. Yara suka ja manyan rassan zuwa bariya. Darakta ya sunsuna, ya kawar da kai sau ɗaya don kada a ce yunwa yake ji, sannan ya kama ci. Da la'asar mu huɗu muka kama shi, biyu a wuya biyu a wutsiya, ya miƙe yana rawa, amma ya tsaya. Gatari kuwa da na sauko Kaka ta miƙo hannu na ba ta, Shef yana duba wani abu a sama.

Bayan jaki ya ɗan samu ƙafa, Shef ya kira ni. Yana zaune kan ganga yana ɗinke wando.

“Ba zan iya sake shi ba, sunansa yana sama. Ba zan iya riƙe shi ba, gawo ɗaya ba zai ɗauki shi da awakin gari ba. Saboda haka ka tafi da shi. Jakin gwamnati ne, kai mai kiwonsa ne. Ranar da mota ta zo, ka kawo shi.”

“Zai iya ɗaukar icce?”

“Gwamnati ba ta hana ma'aikacinta aiki.”

“Albashina fa, Shef?”

“Tafi kafin in canza shawara.”

Sumammen reshen ya riƙe shi shaida. Sauran kayana kuwa da su aka gyara bukka.

A Wadata Baba ya dingiso ya shafa haƙarƙarin Darakta, ya buɗe bakinsa, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Sun rage shi.” Na faɗa masa yadda muka yi.

“Ciyarwa fa?”

“Mu, Baba.”

“Magani in ya yi ciwo?”

“Mu.”

“To ita gwamnati me take yi?”

“Mallaka.”

Ya ce, “Aikin ba wuya. Da na sani da shi na nema tun ina yaro.” Ya shiga ɗaki ya fito da dusar da ban san yana da ita ba.

Bayan damina aka canza wa Shef wuri. Dajin marken nan yanzu in kun je sai kututture, kamiyo sun matsa gaba. Sabon Shef da aka kawo bai taɓa cewa “naki ne” ba, don haka Kaka ta koma ɓoye gatarinta cikin rumbu. Ta ce kowane sabon Shef sai an hau da shi icce kafin ya iya magana. Amma bana ta bar ƴan gawo biyu a gonarta, ta kewaye su da ƙaya, ta ce ita dai da kunnenta ta ji, kuma da harshe biyu.

Motar ba ta zo ba har yau. Wanda ke son shiga sana'ar nan cikinku, bayan igiya da gatari sai ya koyi gane ƙarar inji daga nesa. Jiya da hantsi wata koriyar mota irin ta masu daji ta shigo layinmu ta tsaya daidai ƙofar gida. Kafin direba ya kashe inji, ni da Darakta mun kai bayan masallaci, kuma ranar ce kaɗai na ga ya yi sauri ba a roƙe shi ba. Muka laɓe har rana ta karkata. Ashe matar direba ce ta aiko shi sayen icce. Baba ya zaɓa masa dami biyu, ya taya shi ɗorawa, bai ma tambayi direban permi ba.